Yisa Mai Filasta da Fanken Asabar

Yisa mai filasta maƙwabcina ne a Sabon Garin Minna, ƙofar ɗakinsa tana kallon tawa. Ni kafinta ne, sunana Irimiya, rufin gida nake yi. Mun sha haɗuwa a gini ɗaya, ina sama ina buga kwano, yana ƙasa yana shafe bango. Abin da zan faɗa a kansa da idona na gani.

Kakansa Banufe ne, aikin reluwe ya kawo shi Minna. Ubansa ma reluwe ya yi, har jirgi ya rage zuwa. Yisa ya tashi a bayan tasha, kuma tun yana ƙarami an san bai iya zama ba. A tsaye yake cin abinci. In ya zauna a benci, ƙafarsa ta dinga rawa ke nan har shayin na kusa da shi ya zube. Ran Juma'a shi ne na farkon fitowa daga masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ya yi yaron mota, ya sayar da tocila da batir a shataletalen Mobil, ya ja keke mai ƙafa uku na ɗan lokaci ya mayar wa mai shi. Filasta ce kaɗai ta riƙe shi, ina jin don siminti ba ya jiran kowa, shi ma haka.

Aikinsa kuwa ba a kushe shi. Yana tankaɗe yashi sau biyu. In lebura ya kawo masa kwaɓi a kwanon sarki ya ga gudaji ko ɗaya, sai ya juye shi ƙasa ya ce a sake. Duk gidan da ya shiga, ko gidan biki ne ko gidan rasuwa, sai ka ga ya shafa tafin hannunsa a bango yana girgiza kai. A wurinsa gudaji abin kunya ne, mai barin gudaji kuma ba ma'aikaci ba ne.

Matsalar ita ce aikin ba ya barinsa a gida, ko in ce shi ba ya bari aikin ya bar shi a gida. Yau Suleja, gobe Kontagora, jibi Abuja. In ya ji an fara sabon gini a wani gari, jikinsa ya fara ƙaiƙayi. Matarsa Amatullah, 'yar Wushishi ce, mai ɗinki, mace marar hayaniya. Ita ta riƙe ɗakin, ita ta riƙe 'yarsu guda ɗaya, Kafayatu, wadda take firamare a lokacin.

Amatullah da matata Mabel, wadda ake kira Maman Gift da sunan 'yarmu, sun shaƙu. Mabel ta taɓa aiki a kicin ɗin masaukin baƙi na coci a Kafanchan kafin mu yi aure, a can ta koyi wani irin fanke. Ba wanda ake tsomawa cikin mai ba, wannan a faffaɗan kasko ake zuba shi da ɗan man shanu, ya tashi ya yi kauri da laushi. Ta koya wa Amatullah. Ita kuma ta ƙara nata: ta marmasa wara a ciki, cukun nan na nonon shanu da matan Fulani ke kawowa a kwano, ta yanka mangwaro ƙanana ta zuba, in ba lokacinsa ba ne ta sa ayaba. Kowace Asabar da safe sai ta yi. Mu ma ana miƙo mana. Yisa da wuya ya ci da zafinsa, yawanci yana wani gari.

A farkon mangwaro na wata shekara, zazzaɓi ya kama Amatullah. Kwana kaɗan ta yi. An kira Yisa a waya yana Abuja, ya ce zai ƙarasa bango ɗaya ya taso. Ta rasu da safe, aka yi jana'iza kafin azahar kamar yadda Musulmi ke yi. Ya iso da la'asar, siminti bai ma fita daga farcensa ba. Ƙasa kawai ya tarar.

Ran addu'ar arba'in, bayan mutane sun watse, yayar marigayiyar ta kira shi tsakar gida. Sunanta Sakinatu, shinkafa take sayarwa a kasuwar Wushishi, kuma ba ta rage murya don maƙwabta. Ina zaune a ƙofata ina gyara ƙotar guduma.

"Baban Kafaya, in an yi dogon hutu zan zo in tafi da yarinyar nan. Wurina za ta zauna."

"Yaya Sakina, haba. Ita kaɗai ta rage mini."

"Ta rage maka a ina? A Abuja ko a Suleja? Ka bar wa Maman Gift ita ka kama hanya, haka kake nufi? Allah ya saka wa Maman Gift da alheri, amma yarinya ba ta maƙwabta ba ce, tana da dangin uwa."

"Na daina tafiya."

"Ka faɗa wa ƙanwata haka sau nawa? Dubi yarinyar, wuya duk ya fito. Ka taɓa dafa mata ko ruwan zafi?"

Nan ne bakinsa ya ja masa. Ya miƙe, don dama ba ya iya magana a zaune, ya ce, "Ki zo ran Asabar ɗin da aka yi hutu. Da hannuna zan yi mata fanken uwarta, ke ma ki ci. In ba ta ci ba, ki tafi da ita."

Sakinatu ta dube shi daga sama har ƙasa. "To. Allah ya kai mu."

Ni ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ji alkawura da yawa a bakin gini, kuma ban taɓa ganin alkawari ya ɗaga bulo ba. Amma gaskiya ita ce washegari bai tafi ko'ina ba. Ya shiga neman ƙananan ayyuka a unguwar Maitumbi, inda ma'aikatan gwamnati ke gina ɗaki biyu su tsaya sai albashi ya sake shigowa. Yana kai Kafayatu makaranta, ya hau keke ya tafi aiki, ya dawo kafin magariba. Ya koyi dafa shinkafa da wake, ana iya ci. Yana wanke mata yunifom yana murzawa kamar zai cire launin. Yarinyar dai ba ta magana sosai, abinci kuma sai an lallaɓa ta.

Fanken ne ya gagara.

Mabel ta faɗa masa komai dalla-dalla. Fulawa, ɗan sukari, ɗan gishiri, bekin foda, wato farar hodar da ke sa shi tashi. Kindirmo. A raba farin ƙwai da kwanduwa, a sa kwanduwar cikin kindirmon, a buga farin shi kaɗai har ya yi kumfa ya tsaya. Sannan a haɗa, a zuba wara da mangwaro, a juya kaɗan a bari.

"Kaɗan fa, Baban Kafaya. In ka ga gudaji ka ƙyale su."

"Na ji, Maman Gift."

Ya ji ɗin, amma hannunsa bai ji ba.

Da asuba yake tashi ran Asabar, yarinyar tana barci, don ya gama ya tafi aiki. Daga ɗakina ina jin ƙarar maburgi a kwano. Wajen buga farin ƙwai babu kamarsa a unguwar, kumfar takan tashi har ka kifa kwanon ba ta zubo ba. Sai ya haɗa da fulawa, ya ga gudaji, shi ke nan. Ya juya, ya juya, ya murje su a jikin kwano da bayan ludayi, har ƙullun ya yi sumul yana sheƙi. Kumfar da ya sha wahala a kanta ta mutu. Mangwaron ya narke, warar ta zama gari. Yana gamawa ko numfashi ba ya bari ƙullun ya yi, sai kasko. Abin da ke fitowa faifai ne siriri mai tauri, in ka ja ya miƙe ya koma.

Ya miƙo mini ɗaya a Asabar ta farko. Na tauna, na tauna.

"Yaya ka ji, Kafinta?"

"Ba ni guda biyu in sa a ƙarƙashin ƙusa, akwai kwanon da ke yoyo a Tunga."

"Kai dai ba ka da mutunci."

"Ni ba ni da haƙoran banza."

Kafayatu takan tashi ta tarar an rufe mata nata a faranti, uban yana tsaye a kanta da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta gutsura don kunya, ta daɗe tana taunawa, ta ce, "Na ƙoshi, Baba." Shi kuma ya fita da sauri kamar an kore shi.

Ya zargi fulawa, ya canza shago. Ya zargi kasko, ya kankare shi da yashi har ya yi fari. Ya zargi Bafulatanar da ke kawo wara, ta ce masa ita tun kafin ya yi gemu take kawo wa gidan nan, ba a taɓa kuka da ita ba. Wata Asabar ya ce ai gudajin ne ba sa mutuwa da kyau, ya tace ƙullun da rariya. Wata kuma na fito na same shi ya ɗaura waya a bakin injin huda bango da ya aro, irin yadda masu fenti ke dama fenti, yana jiran a kawo wuta. Allah ya taimake mu ba a kawo ba.

Mabel ta gaji, ta ce ya tsaya ya kalla. Ta haɗa a gabansa, ta ɗaga ƙullun daga ƙasa ta kifa a sama 'yan lokuta, ta ajiye ludayi. Ƙullun duk ƙuraje, ga fulawa fari-fari a gefe.

"Shi ke nan," in ji ta.

"Shi ke nan me?"

"An gama."

Ta juya ta ɗauko man shanu. Kafin ta waiwayo ya ɗauki kwanon yana juyawa da ƙarfi.

"Baban Kafaya! Me kake yi?"

"Ƙarasa miki nake, na ga hannunki ya gaji."

"Yesu! Ba bangon Alhaji ba ne wannan! Ajiye!"

Ya ajiye, amma aikin gama ya gama. Ya tsaya yana kallon kwanon, ya ce a hankali, "Maman Gift, ni ban iya ganin abu a haka in bar shi ba. Ji nake kamar ana kallona." Mabel ta shigo ɗaki tana ce mini mutumin nan zai rasa 'yarsa a kan gudaji.

Lokaci kuma yana tafiya. Ruwa ya sauka, mangwaro ya fara ƙarewa a kasuwa. Yisa ya rame. Ba ya zama ko na minti ɗaya, ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa waje, ya dawo ya gyara igiyar shanya da ba ta lalace ba. Ranar Juma'ar da aka ba da hutu ya zaga Kasuwar Kure kaf kafin ya samu 'yan mangwaron ƙarshe wurin wata tsohuwa. Ya sayi wara sabuwa, ya tafasa ta da gishiri don kada ta yi tsami. Da yamma Sakinatu ta bugo waya daga Maitumbi, inda ta sauka wurin dangi. Ta ce kada ya kunna wuta sai ta iso, da idonta take son gani, don kada Maman Gift ta yi a ce shi ne.

Saboda haka a karon farko rana ta fito ran Asabar bai yi fanke ba. Ya jera kayan a kan tabarma a tsakar gida, ya sake jera su. Kafayatu ta tashi, ta wanke fuska, ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsa.

Sakinatu ta iso a keke da babbar jaka wadda ba komai a ciki. Kowa ya san ta mece ce. Aka gaisa, Mabel ta ba ta kujera. Ta ajiye jakar a gefen ƙafarta.

"Maman Gift, zo ki zauna kusa da ni. Ki ɗora hannuwanki a cinya inda zan gan su."

"Ni 'yar kallo ce yau, Hajiya."

"Bismilla, Baban Kafaya. Yunwa nake ji."

Ya hura gawayi a kurfoti. Ya fasa ƙwai, ya raba, ya kama maburgi. Kumfa ta tashi fara tas.

"A'a, lallai akwai ƙarfi," in ji Sakinatu. "Da ƙarfi ake riƙon 'ya, da an ba ka goma."

Ya ajiye maburgi. Ya zuba kindirmo a fulawa, ya juye kumfar, ya watsa wara da mangwaro. Ya juya sau ɗaya, sau biyu, ya ɗan ƙara. Gudaji suka taso. Na ga damtsensa ya ɗaure, ya gyara riƙon ludayin irin yadda yake riƙe cokalin gini. Mabel ta yi tari.

"Maman Gift, in kawo miki ruwa?" in ji Sakinatu.

"A'a, ya wuce."

Ya sunkuya zai fara. Sai muka ji muryar Kafayatu daga bakin ƙofa.

"Baba, yanzu lokacin tsifa ne."

Ya ɗago. "Tsifar me, uwata?"

"Ta kaina. In Mama ta zuba mangwaro, sai ta rufe ta zo ta tsefe mini kitso, don gobe a yi sabo na makaranta."

Rabon da mu ji ta yi magana mai tsawon haka tun rasuwar. Ba ta jira amsarsa ba. Ta tashi ta ɗauko faifai ta rufe kwanon, ta zare ludayin daga hannunsa ta ɗora a kai. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kujera da tsinken tsifa da man kaɗanya. Ta nuna masa benci. Ya zauna. Ta zauna a tsakanin gwiwoyinsa ta zare ɗankwali.

Ashe abin da Amatullah ke yi ke nan duk shekarun nan. Mabel ma ba ta taɓa lura ba, don a ɗaki ake tsifar. Shi kuwa Yisa ina zai sani, yana Suleja.

Ya kalli kwanon. Ya kalli kan yarinyar. Ya kama kitso ɗaya daga tushe ya ja.

"Wash! Baba!"

"Daga jela ake farawa," in ji Sakinatu. "Ba rushe gini aka ce ka yi ba."

Ya koma jela. Yatsunsa siminti ya cinye su, duk sun tsattsage, gashi yana maƙalewa a cikin tsagar. Tsinken yana suɓucewa. Gumi ya keto masa, ƙafarsa ta dama tana rawa har kan yarinyar yana girgiza. Ta ɗora gwiwar hannunta a kan cinyarsa ta danne. Ƙafar ta tsaya, ta sake farawa, ta sake dannewa. Kowane kitso ya warware sai ya saci kallon kwanon, kamar wanda ya bar kwaɓi a rana yana tsoron ya daskare.

"Zai lalace fa," ya ce.

"Ba ya lalacewa. Saura wannan gefen."

"Kafinta, duba mini wutar nan."

"Wuta lafiyarta ƙalau. Yi aikinka."

Kitso ne ƙanana, sun kuma daɗe. A hankali hannunsa ya gane hanya. Ya daina fizga, ya fara lakuto man kaɗanya yana shafawa kafin ya sa tsinke. Yarinyar ta jingina da shi ta lumshe ido. Tunda na san Yisa ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya haka ba, ko a asibiti. Sakinatu ma ta bar tsokana.

Da aka kai rabin kai, Kafayatu ta miƙe. "Ya isa. Sauran sai mun ci."

Ya wanke hannu ya buɗe faifan. Ƙullun ya kumbura, ya yi 'yan ƙofofi a sama, yawancin gudajin sun jiƙe sun ɓace da kansu. Ya kai hannu ga ludayi, na ga yana son ya juya ko sau ɗaya. Yarinyar tana tsaye a kansa da rabin kai a tsefe. Ya ɗebo kawai ya zuba a kasko.

Wutar ta riga ta kwanta, gawayin ya yi ja ba harshe. Fanken ya fara tashi. Ya yi ƙofofi, gefensa ya bushe, Yisa ya juya shi. Bayansa ya yi ja kamar zuma, ga wara ta ɗan soyu a jiki. Ya ci gaba da kumbura har ya kai kaurin yatsa biyu. Yisa ya ɗaga cokali zai danne shi ya daidaita.

"Kada ka danne!"

Sakinatu ce. Har ta rabu da kujera. Muka dube ta, ta koma ta zauna tana gyara mayafi.

Na farkon Kafayatu ya ba. Ta zauna a tabarma ta tsaga shi da hannu, tururi ya fito, ciki kamar soso, ga mangwaro rawaya-rawaya bai narke ba. Ta ci. Ba wanda ya ce mata ƙara, ta miƙo faranti. Ya zuba mata na biyu, ya ba Sakinatu, ya ba mu. Ni ma na ci nawa. Ya yi.

Sakinatu ta cinye nata ta suɗe yatsa.

"Gishiri ya yi kaɗan."

"To, Yaya."

"Zauna, ina da magana. Zauna mana, kana sa ni jiri." Ya tsuguna. "Na ga ta ci. Amma ni na san ka. In ana kallonka babu abin da ba ka iyawa. Abin da ban sani ba shi ne in ba kowa a ɗakin nan, za ka iya kwana a cikinsa? Zan tafi da ita hutu, kakarta ma tana son ganinta. Ran Lahadin da za a koma makaranta zan zo. In na ji ka bar garin nan ko na kwana ɗaya, ni kaɗai zan zo, in kwashe sauran kayanta."

"Yaya, ba haka muka yi ba."

"Kai ka yi, ni 'to' kawai na ce. Ƙarasa mata tsifar, ba zan shiga mota da ita kai rabi ba."

Ya ƙarasa. Aka zuba kayan hutu a jakar, suka tafi kafin azahar.

Hutun nan ya fi komai yi masa wuya. Damina ta yi ƙarfi, aikin filasta ya yi ƙasa, masu ginin Maitumbi duk sun tsaya. Ɗaki ba kowa. Ya shafe bangon banɗakin gidanmu ba wanda ya sa shi. Ya shafe bakin rijiya. Ya fara kallon bangon ɗakina, na ce ya kiyaye ni. Da rana sai ya taka har tashar jirgi ya dawo, ba abin da ya kai shi.

Ana cikin haka wani ɗan kwangila da ya saba yi wa aiki ya kira shi. Rukunin gidaje ne a Abuja, aikin da zai kai ƙarshen shekara, kuma shi ake so ya shugabanci masu filasta. Irin aikin da ya daɗe yana nema. Ya zo ya same ni ina fiƙe zarto.

"Kafinta, in na je na kama aikin na dawo kafin Lahadin, wa zai sani?"

"Ni."

"Za ka faɗa?"

"In an tambaye ni."

Ya zage ni da Nufanci ya shiga ɗaki. Washegari da safe na ga ya fito da jakar kayan aiki da ta tufafi, ya kulle ƙofa. Bai dube ni ba, ni ma ban kira shi ba. Magana ba ta taɓa riƙe shi ba, ban ga dalilin ɓata tawa ba. Mabel ta zauna ta yi tagumi.

Wajen azahar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga shi ya shigo, jaka a ka, ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya yana laluben makulli.

"Mota ba ta cika ba," ya ce.

Motar Abuja daga Minna ba ta taɓa rasa fasinja ba, ko ran Kirsimeti. Na ce masa, "Haka ne, kasuwa ta mutu." Mabel ta kai masa shayi.

Ran Lahadin, ina dawowa daga coci ya tare ni a ƙofa, ya ce in raka shi tashar da motocin Zungeru da Wushishi ke sauke mutane. Ko riga ban canza ba. Tun safe yake can, dawowa ya yi ya ɗauke ni. Muka tsaya a rumfar mai rake. Duk motar da ta shigo sai ya bi ta da gudu ya leƙa, har 'yan kamasho suka fara tambayarsa ko ɓarawo yake nema. Ya kira wayar Sakinatu, a kashe.

Bayan la'asar wata tsohuwar mota ta shigo, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Ƙofar gaba ta buɗe, Sakinatu ta fito tana miƙe baya. Ita kaɗai. Yisa ya tsaya cak.

Ta dube ni. "Baban Gift, ina wuni. Ya kwana a waje?"

"Bai kwana ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ya kai tasha sau ɗaya, ya dawo."

Ta yi ɗan tsaki, ta juya gare shi. "To me kake kallo kamar an kwashe maka kaya? Zo ka ɗaga buhun nan, ya danne mata ƙafa tun daga Zungeru."

A kujerar baya, a bayan buhun shinkafa da ƙullin busasshen kifi, Kafayatu ce take barci, baki buɗe. Ta yi baƙi, ta yi kumatu. Ya fizge buhun shi kaɗai ya dire a ƙasa. Ta farka tana mutsuttsuka ido.

"Baba, na iya tuƙa kwalekwale."

"Ƙarya take, sau ɗaya aka ba ta ta riƙe," in ji Sakinatu. "Ka ji ni da kyau. Duk dogon hutu tawa ce. Kuma ba zan riƙa sanar da kai ranar da zan zo dubawa ba."

"Na yarda, Yaya."

"Ban tambaye ka ba."

Muka tsayar da keke. Buhu ya shiga, kifi ya shiga, jaka, Sakinatu, yarinyar a cinyarta, ni a gaba kusa da direba. Babu wurin Yisa. Direba ya ce ya jira wani keken, ya ce a'a, mu je kawai. Hanya ta cushe wajen kasuwa, ga ramuka cike da ruwa, muka daɗe. Da muka iso gida muka tarar ya riga mu. Ya buɗe ƙofar ɗakin, yana tsaye a bakinta yana haki, laka har gwiwa.

Kafayatu tana sakandare yanzu, a ɗakin nan take.